Maganar da Na Yi wa Surukina Daga Cikin Sif

Damina ta makara a shekarar da na yi wannan tafiya. Hadari sai ya haɗo da la'asar, mu kwashe shanya a guje, ya watse ya bar mu da zafi. Kowa a unguwa ransa a kusa yake, ko gaisuwa aka yi sai an haɗa da tsaki. A cikin wannan hali aka bugo waya daga ƙasar Sin aka ce Safiya, autata, ta sauka lafiya, an samu mace.

Tun da na dawo, matan da muka yi ajin yaƙi da jahilci tare ba su bar ni na huta ba. Wannan ta ce da gaske suna cin maciji, waccan ta ce wai muryata ce ake ji a waya ina hira da 'yan sama jannati. Na gaji da maimaitawa, shi ne na ce bari in zauna in rubuta, tunda dai an koya mana, duk wadda ta tambaya in miƙa mata.

Wankan jego ne ya kai ni. Safiya tana zaune a Guangzhou, garin da mutanenmu ke ce wa Gwanzu, inda mijinta yake haɗa wa 'yan kasuwar Kano kaya yana loda musu a kwantena. Ba zan rubuta sunansa ba, suruki ne. Abokansa Kyaftin suke ce masa, ni ma da shi zan kira shi a nan. Tun da aka ɗaura aurensu, abin da ya taɓa haɗa ni da shi bai wuce gaisuwa ba: ya durƙusa a bakin ƙofa, in amsa daga bayan labule, kowa ya kama gabansa.

Ana gobe zan tashi, Malam, mahaifin Safiya, ya kira ni ɗakinsa.

"Muryar yarinyar nan ba ta yi mini ba kwana biyun nan," in ji shi. "Ki duba da kyau. In kin ga ba zama, ki taho mini da ita da jaririyar."

Na ce to. A raina na ce wannan kaya ya fi duk wanda na ɗaure nauyi.

Biza ta ɓata mini lokaci har suna ya wuce ba ni nan, aka sa wa yarinya sunana, suna ce mata Ummi. Kayana kuwa, kanwa ce da garin kunu da yajin jego da daddawa da kilishi, sai babban ƙunshin ganyen darbejiya da na shanya da kaina. A filin jirgin Kano Allah ya haɗa ni da Hajiya Laraba, mai sayar da leshi a Kwari, wadda zuwa Gwanzu ya zame mata kamar zuwa kasuwar Rimi. Ta dubi jakata, ta shinshina.

"Hajiya, miya za ki je ki kaɗa musu a jirgi?"

"Ban je Makka ba tukuna," na ce.

"Kin shiga jirgi kin zama Hajiya. Riƙe gefen mayafina kar ki ɓata."

Na riƙe kuwa, ban saki ba har Habasha, inda muka sauya jirgi. A can na fara gamuwa da matakalar nan mai tafiya da kanta. Na tsaya ina jira ta gaji ta tsaya, layi ya taru a bayana, sai da Hajiya Laraba ta fizge ni muka hau, takalmina ɗaya ya riga ni isa sama. A jirgi na biyu an daɗe ana tafiya har na daina sanin wace salla ake bina. Na tambaye ta, ta ce ita duk haɗa su take ta yi in ta sauka, Allah ya san matafiyi.

Da muka sauka, wani ɗan kare mai riga ya zo ya lashi jakata ya zauna kusa da ita ya ƙi tashi. Ma'aikacin wurin, yaro ne mai ladabi, ya sa safar hannu ya buɗe. Kilishi ya fara tafiya. Ganyen darbejiyata ya bi shi, wai ba a shiga da ganye. Daddawa ya buɗe ya mayar da sauri ya rufe ya turo mini abata. Da ya zo kan kanwa sai ya kira na gaba da shi, suka tsaya suna juya ta a ƙarƙashin fitila. Hajiya Laraba ta yi musu Turanci, ta yi na hannu, ba su gamsu ba. Ni dai na ɓalli kaɗan na sa a baka na tsotsa ina kallonsu. Babban ya jira ya ga ban faɗi ba, ya ce mu wuce.

Kyaftin ya zo tarbata. Ya durƙusa a tsakiyar mutane har ƙasa, 'yan Sin suna ratse shi suna waiwaye. A mota ya zauna gaba, na zauna baya, muka bi wani babban titi da suke ce wa Huanshi Lu, ba wanda ya ce uffan. Direban ya yi ta leƙenmu a madubi, ina jin ya ɗauka faɗa muka yi.

Unguwarsu Dengfeng take da suna. In ba don rubutun jikin shaguna ba sai ka ce wani lungu ne a Fagge: masu gyaran waya, 'yan canji, gidajen abinci, ga Hausa iri-iri tana tashi, ta Kano, ta Maraɗi, ta zangon Gana. Gidan kuwa can sama yake, ɗaki ɗaya da falo da wani ɗan madafi da mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Nan na gane wahalar da ke gabana. A gida suruki yana da zaure, yana da waje, yana da gari guda da zai kauce maka. A nan in na fito alwala sai mu yi kiciɓis, ya manne da bango, in manne da bango, mu yi ta ba juna hanya har ruwan butar ya huce. Ya bar mana ɗakin, ya koma kwana a kujerar falo.

Safiya ta rame. Ta rungume ni ta yi kuka, na ce na haihuwa ne, ban tambaya ba.

Washegari na nemi ganye. Na sauka ƙasa na ga wata bishiya a bakin titi mai kama da darbejiya, na kama reshe ina karya. Sai ga usur. Wani mai gadi ya taho yana ta faɗa da hannu, na saki reshen na ce masa "she-she", wato na gode, don ita kaɗai Safiya ta koya mini. Ya tsaya ya rasa abin yi. Haka na hau sama hannu wofi.

Na dafa ruwa a duk tukwanen gidan na yi mata wankan da tawul. Tururi ya cika banɗaki ya fito falo, wani abu a rufi ya kama ƙara kamar an yanka akuya. Mai gidan da suke haya, wata tsohuwa da suke kira Ayi, ta hauro da gudu ta same ni ina gasa 'yata tana ihu. Ta ɗora hannu a ka. Aka kawo waya mai fassara, muka zauna ni da ita kamar masu shari'a. Ta ce a wurinsu mai jego sai ta yi wata guda ba ta wanke kai ba, ba ta shan iska, ba ta taɓa ruwan sanyi. Na ce a wurinmu sai ta yi arba'in ana dafa ta safe da yamma. Ta ce za ki kashe ta. Na ce haka aka yi mini sau bakwai, ga ni. Muka dubi juna, kowa tana tausayin 'ya'yan 'yar'uwarta.

Da yamma ta dawo da leda cike da busasshen ɓawon citta, ta ce shi suke dafawa in dai sai an yi wankan. Ya yi kyau ƙwarai, har na taho da saura. Ta kuma kawo wata tukunya mai ƙamshin citta da tsami, ta ce ƙafa ce, abincin masu jego. Na yi murna na ce ashe su ma sun san ƙauri. Safiya ta leƙa ta ce, "Umma, ba ta saniya ba ce." Muka yi ta she-she muna tura tukunyar, ita tana turowa, har ta gane ta yi dariya ta ɗauke abarta. Kashegari ta kawo ƙwai dafaffe jajaye. Su muka ci.

Abinci dai ban sha wahala ba. Akwai wata 'yar Nijar a ƙasan layin da take tuwon shinkafa, akwai kuma Musulmin Sin masu farar hula da suke jan taliya da hannu. Tsinkayen nan biyu da suke ci da su na gwada sau ɗaya, taliyar ta koma kwano ta fantsama mini romo a ido, na wanke hannuna na ci irin na gidanmu.

To, sai maganar sif.

A falon akwai wani babban sif na kaya, amma kayan Safiya suna cikin jakunkuna a ƙarƙashin gado. Ran da na fara ganin abin, Kyaftin ya dawo daga aiki, ya gaishe ni, ya leƙa jaririya, ya ci abinci a tsaye, sai ya buɗe sif ya shiga ya ja ƙofa. Na zauna ina jira. Can sai na ji murya daga ciki tana cewa, "Ku riƙe da kyau! Tauraron nan zai haɗiye mu!" Sai wata murya ta daban, siririya, ta amsa masa. Na fara karanta abin da ya sawwaƙa.

"Umma, ba aljanu ba ne," in ji Safiya, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Da aljanu ne da an yi masa magani."

Ta yi mini bayani. Wai akwai wani wasan talabijin na Turawa da aka fara tun kafin a haife shi, har yau ba a gama ba. Labarin wasu fatake ne masu yawo a kumbo daga wannan tauraro zuwa wancan, duk inda suka sauka sai sun jawo wa kansu rigima. Tun yana yaro yake kallo a gidan maƙwabta. A wannan shekarar wasan yake cika wasu shekaru masu yawa, ana ta biki. 'Yan wasan farko sun tsufa, fuska ta ƙi, amma murya tana nan, shi ne masu abin suka tara su suka yi sababbin labarai na sauraro kawai, irin wasan kwaikwayon rediyo. Masoya wasan a ƙasashe suka ce su ma kowa zai yi nasa da harshensa kafin ranar bikin. Kyaftin ya ce ba za a bar Hausa a baya ba. Ya rubuta labari, ya kwashe kayan matarsa daga sif, ya manna barguna a ciki don kar ƙarar titi ta shiga, ya rataya makirfo.

Ban ga laifin wasan ba, gaskiya. Mu ma mun yi zamanin da in za a sa wasa a rediyo har tuwo yake ƙonewa. Ranar Lahadi abokan aikinsa suke zuwa. Akwai Alhaji Tanko, mutumin Kumasi mai tura kaya Gana, ƙato mai dariya, shi ne dodon wata duniya. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, ya ce mini, "Mama, ka zo lafiya?" na waiwaya ina neman wanda yake yi wa. Akwai kuma Chen, mai shagon lasifika, wanda suke kira Lawban, wato maigida. Ba ya jin Hausa ko ta sannu, amma shi yake ɗaukar murya yana haɗa ƙararraki. Na ga ya kaɗa faranti a cikin bokitin wankan jego ya ce kumbo ne yake tashi. Da aka kunna mini na rufe ido, wallahi kumbo ne.

Abin da na ga laifinsa daban ne. Mutumin nan a cikin sif bakinsa ba ya rufuwa. Yana lallashin matuƙin kumbo, yana ba dodo haƙuri, har kuka na ji ya yi wa wani da ya mutu a duniyar wata. In ya fito kuwa, "Sannu" ce da "Akwai abin da za a sayo?" Safiya tana wuni a sama, ba ta jin yaren gari, ba maƙwabciya, ba mai leƙowa, taga ma wani bangon take kallo. Ba ya zaginta, ba ya hana ta komai, ko yatsa ta nuna sai ya kawo. Irin wannan in ka kai ƙara gida sai a ce me ya yi miki, ka rasa amsa.

Da arba'in ta matso, na fito daga wanka na tarar ta jawo babbar jaka tana jera kayan Ummi.

"Tare za mu koma, Umma. Baba ya ce in na ga ba zama in taho."

"Kin gaya masa?"

"In gaya wa wa? Sai dai in shiga sif."

"Ki ƙara haƙuri."

"Shi nake yi tun da na zo. Ranar da naƙuda ta kama ni sai da na ƙwanƙwasa masa, ya ce in ba shi minti ɗaya su sauka."

Na yi dariya ban shirya ba, ita ma ta yi, sai dariyar ta koma kuka. Na san yarinyar nan tana son mijinta. Na kuma san in ta taho, da wuya ta koma, don Malam ba ya mayar da abin da ya karɓa. Abin yana buƙatar babba ya zaunar da shi ya yi masa magana. Babban da ke ƙasar Sin gaba ɗaya kuwa ni ce, ni da ko ido ba na haɗawa da shi. Sau da yawa na shirya maganar a madafi, in fito, ya miƙe ya manne da bango, in ce masa, "An dawo lafiya?" in wuce.

Lahadin ƙarshe kafin ranar bikinsu, na ji suna ta muhawara a falo. 'Yar Nijar mai tuwo ce za ta yi musu muryar Uwar Kumbo, wata tsohuwar murya da ke cikin jirgin tana ba Kyaftin shawara, sai bizarta ta ƙare ta tafi gida. Sun zaga Dengfeng, tsohuwa mai Hausa kuwa meyo, wato babu a yaren garin. Alhaji Tanko ya ɗaga murya yadda zan ji.

"Ga Mama a ɗaki! Muryansa sanyi kamar ruwan randa. Kyaftin, ka roƙe shi mana."

"Alhaji, rufa mini asiri," in ji Kyaftin a hankali.

Aka aiko Safiya. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Wai ko za ki taimaka musu. Na ce ba za ki yi ba."

Na ce, "Ce musu ina zuwa."

Ta bi ni da kallo kamar na ce zan hau babur.

Na yafa mayafi na fito. Aka ba ni takarda, layi kaɗan ne, manyan baƙaƙe, na karanta a zuci na ga zan iya. Chen ya buɗe mini sif, ya sa mini kujera 'yar tsugune, ya ɗora mini abin sauraro a kunne a kan ɗankwali, ya nuna mini in yi magana a hankali kusa da makirfo, ya rufe ƙofa. Duhu, zafi, warin bargo, sai wata 'yar fitila a kan takarda.

Sai na ji muryar surukina a tsakiyar kaina, kusa fiye da yadda na taɓa jin ta.

"Uwar Kumbo, ga mu a bakin tauraro na ƙarshe. Mu ci gaba ko mu juya?"

A takarda an rubuta: Ci gaba, Kyaftin, kada ka waiwaya. Na buɗe baki zan karanta, sai na tsaya. Na lura ba na ganinsa, ba ya ganina. Na lura kuma mutum biyu ne kawai suke da abin kunne a waje, shi da Chen, Chen kuwa ko zaginsa na yi sai ya ce she-she. Alhaji Tanko yana can bakin taga yana waya da mutanen tashar jirgin ruwa ta Nansha a kan kwantenarsa. Labulen da na rasa tun da na zo garin, ga shi an rufe ni a ciki. Kuma ba ni ce zan yi wa suruki magana ba. Uwar Kumbo ce za ta yi wa Kyaftin, shi ya rubuta da hannunsa cewa tana da wannan izini.

Na matso da bakina na ce, "Kyaftin, kafin ka ci gaba, ka leƙa ɗakin baya na kumbon nan. Akwai fasinja biyu, babba da ƙarama. Babbar ta ɗaure kayanta. Tashar da za a tsaya nan gaba, sauka za ta yi."

Ina jin numfashinsa.

"Ba yunwa ce ta kore ta ba," na ce. "Ba duka ba, ba zagi ba. Ta baro uwa da uba da garinsu ta shigo jirginka, ba ta san kowa a sama ba sai kai. Kullum tana jin ka ta bango kana hira da dodanni. Ita ma tana da kunne."

Na ji Alhaji Tanko daga nesa yana cewa, "Kyaftin, layinka ne, ka yi magana mana!"

Da ya yi magana, ba da muryar wasan ya yi ba.

"Uwar Kumbo," ya ce, "in Kyaftin ya shiga ɗakin, bai san abin da zai ce ba. Ya ga tana kuka tun watannin baya, ya san shi ya kawo ta nan. A can ba a rubuta masa komai ba."

"Ba sai an rubuta ba. Ya zauna kawai. Ya tambaye ta me ta gani ta taga yau, ko bango ne ta faɗa masa. In ya rasa ta cewa, ya ba ta labarin dodon, ita ma a yi da ita."

"In ta ƙi fa?"

"Ya sake komawa gobe. Wasan nan naku shekara nawa ana yi ba a gaji ba?"

Ya yi wata 'yar dariya mai haɗe da jan hanci. Ya ce, "Na ji, Umma." Sai ya gyara da sauri, "Uwar Kumbo."

Na ce, "To. Yanzu sake tambayata in karanta muku na takardar, zafi ya ishe ni."

Ya sake, na karanta musu yadda aka rubuta, sau ɗaya, ba gargada. Chen ya buɗe sif yana ɗaga mini babban yatsa. Ta waya mai fassara ya ce na farkon ya fi daɗi, bai san me aka ce ba amma har tsigar jikinsa ta tashi, shi za a sa. Kyaftin ya ce a'a. Chen ya ce shi ne mai haɗa sauti. Suka yi ta ja, sai da Kyaftin ya yi alkawarin sayen lasifika biyu a shagonsa sannan ya yarda ya goge. Na fito, surukina ya manne da bango, na manne da bango, na wuce ɗaki.

Na takardar shi aka saki. Shi ne wanda ya iso wayoyinku, inda kuka ji ni ina ce wa namiji ya ci gaba kada ya waiwaya, har Hajiya Laraba ta bugo tana cewa ashe haka nake, ina zuga maza su bar gida. Na ce mata haka aka rubuta mini.

Da baƙin suka tafi bayan la'asar, na goya Ummi na ce zan sauka wurin Ayi in kai mata kwanon ƙwanta. Na daɗe a can. Muka sha shayi marar sukari, ta nuna mini hotunan jikokinta ɗaya bayan ɗaya, har wayar fassara ta mutu muka ci gaba da hannu. Da na hau, na tarar da ƙofar ɗaki a buɗe, yana zaune a bakin gado can nesa da ita kamar mai zaman makoki, yana ba ta labarin wani tauraro da ruwan sama yake zuba daga ƙasa zuwa sama. Labarin ba shi da kai, ba shi da gindi. Ita kuma tana ninke zani tana cewa, "Ƙarya ne, to ina shanya suke yi?" Na koma madafi na wanke tukwanen da na riga na wanke.

Ban tambaye ta abin da ta yanke ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Da gari ya waye na dafa ruwan citta na yi mata wanka, na dama kunun kanwa. Tana sha, na jawo babbar jakar nan tsakiyar ɗaki na zuge, na fara fito da kayan Ummi ɗaya bayan ɗaya ina jerawa a kan gado, a hankali, yadda in tana da magana za ta samu wurin yin ta. Ta bi hannuna da ido har na kai ƙasan jakar. Sannan ta ajiye kofi ta ce, "Umma, bar jakar a waje. Ke za ki tafi da ita, taki kare ya lashe ta."

Na zuba ɓawon cittata a ciki na zuge.